Bututun da Na Zaɓa a Zaune

Ranar sunan 'yar Bilkisu ta ƙarshe ina kishingiɗe a ɗaki na ji jikoki suna ba da labarina a tsakar gida, ana ta dariya. Wai an kai Iya kasuwar Sabon Gari za a saya mata na'urar kallon taurari, ta ga babbar ta tsorata, ta ce wannan ai igwa ce, ta rungume ƙaramar ta ƙi saki. Ni ma na yi dariya, don mai ba da labarin ta iya kwaikwayon muryata. Amma ba haka aka yi ba. Ban taɓa tsoron babbar nan ba, har gobe ina sonta. Lokacin da babanku yake da rai ba ni da bakin faɗin dalili. Yanzu kuwa Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa, sai ku natsu ku ji. Nura, da kai nake musamman, don kai abin ya fi taɓawa.

A shekarar da abin ya faru ne na sauka daga kasuwa. Kun san a Fagge aka haife ni, mahaifina ya zo daga Ogbomosho yana saurayi ya zauna, ni kuma tun ina 'yar budurwa nake rumfar atamfa a Sabon Gari, har gwiwoyina suka ce sun gaji na miƙa wa 'yata Bilkisu makullai. Ina murnar zan huta, sai ciwon babanku Alhaji ya zo. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Agadas, wanda ba ya iya zama wuri guda ko da shayi yake sha, aka wayi gari ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa a hankali, da nauyi amma ana ganewa. Likita ya ce a riƙa fito da shi a keken marasa lafiya yana shan iska. Alhaji ya ƙi. Ya juya wa ƙofa baya, ya sa aka saki labule, ya kafa mana doka guda.

“Kada wanda ya canza komai a gidan nan saboda ni. Ban mutu ba, ban kuma zama jariri ba.”

Ka tuna, Nura, da ka kawo magini zai rage dokin ƙofar ɗakinsa don keke ya wuce, da sandarsa ya kore shi. In na rage gishiri a miya sai ya ture kwanon, ya ce a ba shi irin na kowa. Duk abin da ya gane don shi aka yi, ya haramta gare shi ke nan.

Ana cikin haka wata rana da yamma na je Sabon Gari gaida Saratu, tsohuwar mai sayen atamfata da ta zama aminiya. Mutanen wajen Zariya ne, Kiristoci, mijinta Malam Ishaya ya koyar da kimiyya a sakandare har ya yi ritaya. Hira ta ja mu har magariba, ta shimfiɗa min darduma a ɗakinta na yi salla. Ina fitowa na tarar Malam Ishaya ya jawo wani abu kamar doguwar ganga ya kafa a tsakar gida, ya nufi wata da shi. Watan bai kai rabi ba.

“Hajiya Mulika, zo ki gaida maƙwabcinmu kafin ki tafi,” in ji shi.

Na ce wane maƙwabci? Ya nuna sama. Na gyara mayafi, na kara ido a inda ya ce, don kawai kada in gwale shi. Wallahi sai da na ja da baya na dafe ƙirji. Watan da nake gani tun ina goye, wanda na ɗauka sumul yake kamar faranti, ashe duk ramuka ne kamar tandar waina, manya da ƙanana, wani a cikin wani. Ga duwatsu, ga inuwarsu kwance a ƙasa kamar inuwar la'asar. Na sake leƙawa, na yi salati, na sake leƙawa. Saratu tana ta dariya tana cewa haka ita ma ta yi da farko, yanzu kuwa sauro ya raba ta da abin. A cikin adaidaita sahu ina komawa gida bakina bai rufu ba, har na ba wa matar da ke kusa da ni labari, ta matsa gefe tana kallona.

Daga ranar na zama 'yar gidan Saratu. Duk yammar da gari ya yi garau sai in ce zan je gaisuwa. Malam Ishaya ya samu ɗaliba bayan ritaya, bai yi min rowar komai ba. Shi ya fahimtar da ni cewa na'urar iri biyu ce.

“Akwai mai madubi a gindi, irin tawa. Haske ya shiga ta baki ya faɗa kan madubin ya dawo sama, shi ya sa ake leƙawa ta gefe, can kusa da baki. Akwai kuma mai gilashi a baki, kamar tabarau. Ita haske ratsa gilashin yake ya zarce har wutsiya, a can ake sa ido. Mai gilashi ba ta da rigima, a rufe take ruf, ba sai an riƙa daidaita mata komai ba. Amma in kina son baki mai faɗi, mai madubi ce, don gilashi mai faɗi tsada gare shi. Faɗin baki kuwa shi ne komai, Hajiya. In ana ruwan sama kika tara baho, wata ta tara kofi, wa zai fi samu? To haka haske yake.”

Ya kuma gargaɗe ni kada in kula da abin da ake rubutawa a jikin kwali, wai tana kusanto da abu ninki kaza. Ya ce in duba baki, in duba ƙafafu, sauran duk kwalliya ce. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Wadda ta sayar da atamfa ta san tambarin da ke jikin turmi daban, abin da hannu ya ji daban.

A waya na ba ka labari, Nura, kana Kaduna wurin aikinka. Na zaci dariya za ka yi min, sai ka fi ni zumuɗi. Ka ce dama kana neman abin da za ka ba ni na sauka daga kasuwa, ga shi Allah ya kawo. Ka yi ta bincike, kana turo wa Bilkisu hotuna tana nuna min, har ka gano wani mai sayar da kyamarori a cikin kasuwar Sabon Gari, Emeka, yana da su a ajiye. Ranar Asabar ka taso da sassafe. Ni kuwa tun asuba na yi wanka na ɗaura sabuwar atamfa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka biya muka ɗauki Malam Ishaya.

Shagon a bene yake, a layin masu kayan lantarki, ga ƙarar janareto ta ko'ina. Emeka haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa tas, ya kuma san ni tun ina rumfa. Ya fito da guda uku ya kafa a baranda. Ta farko 'yar siririya ce a kwali mai ƙyalli, da hoton taurari kala-kala. Malam Ishaya ya saita ta a kan wani dogon ƙarfen sadarwa da ke can nesa, ya ce in leƙa, sannan ya ɗan ƙwanƙwasa ƙafarta da yatsa. Hoton ya kama rawa ya ƙi tsayawa.

“Wannan ta wasan yara ce,” ya ce.

Emeka ya yi dariya ya ce shi ma don a gani ya fito da ita, ya mayar da ita kwali.

Saura biyu. Babbar baƙa ce, mai madubi a gindi, bakinta ya kai na bokiti, tana zaune a kan dogayen ƙafafu da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a gefe. Ɗayar fara ce, mai gilashi a baki, faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba, doguwa siririya kamar taɓarya. Ka dafa babbar kana murmushi, ka ce ita ka zo saya. Aka saita min ita. Wurin sa idon yana can sama, sai da na yi ɗage. Wata shirwa ce zaune a kan ƙarfen nan, kanta a ƙasa ƙafafunta a sama, don irin wannan kife abu take yi. Amma fa na ga gashin wuyanta ɗaya bayan ɗaya, iska tana kaɗa shi. Na ga ƙwayar idonta. Zuciyata ta ce, Mulika, wannan ce. Na riga na fara tunanin inda zan ajiye ta a ɗaki.

Ina cikin ɗagen nan gwiwata ta soke ni, na sauko. A saukowar ne Alhaji ya faɗo min a rai. Ban fito gida da wannan tunanin ba, ba zan yi muku ƙarya ba, don kaina na zo. Amma sai na tuna mutumin nan ya san sama fiye da kowa a gidanmu. Muna amare, in ya dawo daga tafiya, yakan zaunar da ni ya nuna min Kaza da 'ya'yanta, ya ce da su suke gane hanya a sahara in sawun mota ya ɓace. Na tambayi kaina, in da Allah zai sa wata rana ya fito, ta ina zai kai idonsa can sama?

Na ce, “Emeka, ba ni kujera.”

“Mama, kin gaji? A kawo miki ruwa?”

“Kujera dai.”

Ya kawo wata ta roba, na zauna a gindin babbar. Wurin sa idon ya fi kaina da kusan kamu guda. Na ce a rage ƙafafun. Aka rage har ƙarshe, duk da haka sai na miƙe rabi na karkata, ga dunƙulen ƙarfen yana tokare min gwiwa. Na ja kujerar zuwa wurin farar. Emeka ya rage mata ƙafafu, ya murɗa 'yar gwiwar da ke wutsiyarta, sai ga wurin sa idon ya juyo gefe ya zo daidai fuskata, kamar an miƙo min kofi. Na leƙa ina zaune daram. Ga shirwar nan a tsaye yadda Allah ya yi ta, ta fi ƙanƙanta, amma tas. Na cusa hannun dama cikin mayafi na riƙe shi da cinya, na kama abin murɗawa da hagu. Na juya, hoton ya tafi a hankali, ya tsaya inda na tsayar da shi. Na gwada na biyun, shi ma haka. Na tashi na rungumi abin gaba ɗaya na ɗaga, ya ɗagu.

“Wannan nake so,” na ce.

Ka zaci wasa nake. Malam Ishaya ma ya goyi bayanka. Ya ce, “Hajiya, ki yi tunani. Kin ga wani siririn shuɗi-shuɗi a gefen ƙarfen? Halin mai gilashi ke nan, ko da yake wannan doguwa ce, nata kaɗan ne. Wata da manyan taurari za ta nuna miki su da kyau, ban musa ba. Amma abubuwan nan masu dishi-dishi da kike so a tawa, a wannan sai dai ki ga kamar hayaƙi. Ga ɗanki zai saya miki baho, ki ce kofi?”

“Na ji, Malam. Ita dai.”

Fuskarka ta canza. Ka ja ni gefe ka rage murya.

“Iya, in don kuɗi ne, na shirya. Ba rance na ci ba.”

“Ba don kuɗi ba ne.”

“To don me? Tun yaushe nake bincike a kan wannan. Ki faɗa min dalili guda.”

Dalilin yana bakina. Amma na san ka. Da na faɗa, da murna za ka shiga gida ka durƙusa gaban babanka ka ce, Baba, ga abin da Iya ta zaɓa don ka iya gani a zaune. Daga ranar ko kallon inda take ba zai yi ba. Ko ka yi shiru, fuskarka ba ta iya ɓoye abu, irin tasa ce. Sai na ce maka farar ta fi kyau a ido. Ka dube ni kamar na mare ka. Ka biya, ka sa ta a mota, muka kama hanyar Fagge. Ka shiga ka gaida babanka, ka fito ka ce kana da aiki a Kaduna. Amala da miyar ayoyon da na sa aka yi maka tun safe, ko buɗe kwanon ba ka yi ba. Bayan nan wayarka ta koma ina kwana, ya jikin Baba, sai anjima. Abin ya ci min rai ƙwarai. Kuma gaskiyar Malam Ishaya ta fito, don akwai wani gungun taurari da a tasa yake kamar an watsa sukari a baƙin mayafi, a tawa kuwa ɗan tabo ne kawai. Na yi ta jin haushin wannan tabon.

Ga shi ƙarshen damina ne, kullum yamma sai hadari ya taso. Na'ura tana jingine a ɗaki, ina share ta kamar kayan jere. Alhaji ya ji labarinta a bakin Bilkisu, ya ce tsufa ya zo wa Hajiya da wasan yara. Na ci gaba da share abata.

Sai wata yamma gari ya washe. Bilkisu ta biyo daga kasuwa kafin ta wuce gidanta a Rijiyar Lemo. Muna idar da magariba aka ɗauke wuta, unguwa ta ɗauki tsaki, ni kuwa na ce alhamdu lillahi, don duhu nake nema. Na kinkimo abata na kafa a tsakar gida, daidai ƙofar Alhaji, na ce wai nan ne ƙasa ta fi daidai. Na zauna a kujerar tsakar gida. Ga wata tauraruwa a yamma, saman katangar maƙwabta, tana haske kamar fitila. Na sha fama kafin na kamo ta. Da ta shigo na murɗa ta fito sosai, ihun da na yi ba na shiri ba ne. Abin da na faɗa bayansa ne na shiri. Na ɗaga murya yadda za ta ratsa labule.

“Bilkisu, zo ki ga Gamzaki!”

Can sai muryar nan mai nauyi ta fito daga ɗaki.

“Gamzaki da magariba? Zara ce.”

“Oho, ko ma wace ce. Lauje ce dai, kamar jinjirin wata.”

“Wace ce lauje?”

“Zarar taka.”

“Ƙarya ne. Shekara nawa ina kallonta a sahara. Dunƙule take.”

“To. Ni dai ga ta ina gani. Bilkisu, ke me kika gani?”

Bilkisu ta duƙa ta leƙa, ta ce wallahi Baba lauje ce, har da ƙahoni biyu. Ban ce ya fito ba. Na ci gaba da kallo ina ta sambatu ni kaɗai, kunnena kuwa yana ɗaki. Na ji gado ya yi ƙara. Na ji sanda ta faɗi. Sannan ya ce, “Ke Bilkisu, zo ki turo ni in ƙaryata uwarki.”

Ta taimaka masa ya hau keken, ta ɗaga ƙafafun gaba ta tsallakar da shi dokin ƙofa. Tun da aka dawo da shi daga asibiti, ranar ce iskar tsakar gida ta fara taɓa shi. Na janye kujerata ba tare da na dube shi ba, keken ya shiga gurbinta. Wurin sa idon ya tsaya daidai fuskarsa, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Ya kara ido. Ya daɗe. Ya ɗago ya kalli Zara da idonsa, ya koma. Sai ya ce a juya shi ya duba bakin abin, ko Inyamurin nan ya liƙa hoto a ciki. Bilkisu ta haska masa da waya, ya ga gilashi ne zalla. Aka mayar da shi, ya tarar ta gusa, ya laluba da hagunsa ya sami abin murɗawa, ya dawo da ita da kansa. Ni ina bayansa na toshe baki da mayafi.

“Ikon Allah,” ya ce. “Ashe matar wata kamar mijinta ta ɗauko.”

Daga ranar na'ura ta fi ƙarfina. Kafin a kira magariba zai fara tambaya ko akwai gajimare. Malam Ishaya ya zo ya nuna masa tauraron nan Mushtari da 'yan watanninsa a jere kamar ɗinkin maɓalli, ya nuna masa wani tauraron, Zuhal, suka zama abokai, kullum suna musu a kan sunayen taurari. Matan layinmu suka riƙa shigowa, Alhaji ne mai tsara layi, wadda ta taɓa ƙafar abin ya kore ta baya. Ni da aka saya wa sai na roƙa ake ba ni.

Kai ne kawai ba ka zo ba. Zara ta ɓace daga yamma, Mushtari ya bi ta, Zuhal ma kullum ƙara sauka yake wajen katanga. Wata rana Alhaji ya sa Bilkisu ta kira ka, ya karɓi wayar da hagu.

“Nura, ka zo ka ga wani abu. In ka yi jinkiri katangar maƙwabta za ta cinye shi, sai baɗi.”

Ranar Juma'a ka iso ana sallame magariba. Ka shigo ka ga babanka a tsakar gida, da hula a kansa, yana ba ni umarnin inda zan ja ƙafar na'ura. Ka tsaya riƙe da jaka kana kallonsa. Ya ce ajiye, zo nan. Bilkisu ta ja kekensa gefe kaɗan. Ka duƙa, abin ya yi maka ƙasa, ka kai hannu za ka ƙara tsawon ƙafafun. Ya buge hannun.

“Kar ka taɓa. Durƙusa.”

Ka durƙusa a kan siminti da farar shaddarka.

“Baba, ba na ganin komai.”

“Ya gusa ne. Tsaya yadda kake, in ya shigo ka yi magana.”

Ya miƙa hagunsa ya murɗa a hankali. Sai ka yi wata irin ƙara da rabon da in ji ta tun kana firamare.

“Zobe! Iya, zobe ne da shi! Wallahi zobe ne, ga shi nan a karkace!”

Ka ɗago kana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ka kalli wurin sa idon, ka kalli kafaɗar babanka da ke daidai da taka, ka kalli hannunsa a kan abin murɗawa. Sannan ka juyo kana nemana da ido. Na tashi na ce bari in duba tuwo. Ina madafa na ji yana yi maka faɗa, wai ka mayar da ido katanga ta kusa. Kuka yi ta yi, shi yana murɗawa kana kallo, har Zuhal ya nutse. Ka miƙe kana kakkaɓe gwiwa, ka fara cewa gobe da sassafe za ka koma, akwai aiki.

“Hajiya,” ya kira ni, ko sauraronka bai yi ba. “A gyara masa ɗaki. Jibi wata zai tsaya, yaron nan bai ga komai ba tukuna.”